Aljihu a Dama

Rigar farko da na yi wa aiki da hannuna wata huɗu ta ci. Da na gama na kai wa maigidana, Malam Inuwa. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya duba gaba, ya duba baya, ya miƙo mini reza. Ya koma kan aikinsa. Kwana tara na yi ina farke abin da na ɗinka.

Ku nake gaya wa, samarin da ke tsayawa a ƙofar shagon Alhaji Sabo kuna leƙen inji, kuna cewa ai aikin babbar riga danna maɓalli ne. Sunana Tanko. Ni ne tsohon da kuke gani a benci kusa da ƙofa da almakashi a hannu. Na haura shekara hamsin ina yi wa riguna aiki a nan unguwar Briqueterie. Bara saura kaɗan a ɗauke bencin nan, a ɗauke ni tare da shi. Ba ni da gona, ba ni da fansho, kuma baki bakwai ke ci a gidana. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun fara jin inda na fito.

Malam Inuwa Bazazzagi ne. A wani zaure yake zama bayan layin mahauta. Kayan aikinsa duka gwangwanin madara ɗaya ya ɗauke su: allura uku, reza, alƙalamin kara, kwalbar tawada, da 'yar fatar da yake ɗaurawa a yatsa. Shekara biyu ban taɓa riga ba. Murza zare nake yi a cinya, in zura masa allura, in kare yadi daga hayaƙin tsire da hannun baƙi. A garin nan farin yadi yana da abokan gaba biyu, jar ƙasa da ruwan sama, kuma tare suke zuwa. Kafin ka taɓa shadda sai ka wanke hannu. In ka sosa kai, ka sake wankewa. Malam yakan zana aikin da tawada a kan yadin, ba awo, ba takarda. Sai ka maƙale yadin a gwiwa, ka bi zanen da allura har idonka ya yi ruwa.

A lokacin mai riga ba ya gaggawa. Ya kawo yadi da azumi, ya karɓa bayan Mauludi. Duk Juma'a zai biyo ya ga inda aka kai, ya zauna, ya ɓare goro, ya ba ka labarin cinikin shanu. Kafin riga ta ƙare ka san faɗin kafaɗarsa, ka san yadda yake naɗe hannun riga, ka san abin da yake sawa a aljihu. Riga ta mutum ɗaya ce.

Sai keken surfani ya zo. Ƙafa tana taka feda, hannun dama yana juya wani ɗan marfi a ƙarƙashin tebur, allura tana gudu. Aikin wata huɗu ya koma na mako guda. Malam Inuwa ya je ya gani, ya tofar da yawu, ya ce wannan wasan yara ne, ba zai shekara ba. Malam ya rasu, keke yana nan. Abokan koyona biyu suka rantse ba za su taɓa shi ba. Ɗaya ya ƙare yana gadi a unguwar Elig-Edzoa, ɗaya ya koma tallan turare. Ni na bar su da rantsuwarsu, na je na koya. Allurar keken ta huda mini wannan yatsan har sau uku, sannan muka saba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, ita ce mummunar shekara. Shadda ta ninka kuɗi, ma'aikatan gwamnati an yanke musu albashi, gwanjo ya cika kasuwa. Sallar wannan shekarar riga uku aka kawo mini. Da safe sai in je wajen Garba mahauci in ɗaukar masa cinyar sa a kafaɗa, ya sallame ni da kayan ciki. Abin da ya fitar da ni wani ma'aikaci ne daga unguwar Cité Verte. Ya zo da tsohuwar rigarsa a cikin leda, yana waige-waige kada a gan shi. Jikinta ya mutu, amma aikin wuyan yana da rai. Na yanke aikin gaba ɗaya, na bar masa baki kamar faɗin yatsa, na dasa shi a sabon yadi mai araha, na bi gefen da zare iri ɗaya. Ya sa ta ran Sallah, aka yi ta yi masa barka da sabuwar riga. Ya gaya wa abokinsa a asirce, abokin ya gaya wa wani a asirce. Shekara biyu da dashen wuya na ci abinci. Akwai wuyan da na san ya zauna a kan riga uku, kuma mai shi har yau in mun haɗu sai ya kau da kai.

Bayan nan abubuwa suka ɗan miƙe, har ranar da Alhaji Sabo ya sauke inji mai kai shida daga Duwala. Alhaji ɗan kasuwa ne, bai taɓa riƙe allura ba, kuma bai taɓa cewa ya riƙe ba. Ya ɗauko Mamuda, wanda ya gama jami'a ya shekara biyar yana yawo da takardu ba aiki. Mamuda ya zauna gaban kwamfuta, wadda shi yake ce wa ordinatar, ya zana aiki a gilashinta, ya tura wa inji. Kai shida, riga shida, kafin shayi ya huce. Cikin shekara biyu masu keken surfani a layinmu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ni ban jira a rufe ni ba. Na je na ce wa Alhaji ina neman aiki.

Ya ce, "Baba Tanko, wane aiki zan ba ka? Kai da ka yi wa mahaifina riga?"

Na ce, "Wanda injin ba ya yi."

Injin yana barin jelar zare duk inda ya tsallaka. Aka ba ni almakashi da benci. Shekara shida ina yanke jela. Kada ku yi dariya. Shinkafar da aka saya da kuɗin yanke jela ba ta da wani ɗanɗano dabam.

Kuma kada ku ɗauka Mamuda ya tsira. Yanzu daga waje ake kawo yadi da aikinsa a jiki, an gama, tela ya haɗa kawai. Shi da bakinsa ya gaya mini akwai abin da za ka yi wa magana a waya ya zana maka aiki. Da ya faɗa bai yi dariya ba. Na ce masa ya fara neman bencinsa tun yanzu.

To, bara, saura wata biyu Babbar Sallah, Alhaji ya kira ni bayan shago. Ya daɗe yana gaisuwa, na san akwai magana.

Ya ce, "Baba, na yi odar sabon inji. Shi da kansa yake yanke zarensa."

Na ce, "Madalla."

"Kuma wurin da zai zauna, to, sai dai inda bencinka yake."

"To."

"Bayan Sallah sai ka huta. Ka yi ƙoƙari, wallahi."

"Na ce maka na gaji?"

Ya duba wayarsa. Ba ta yi ƙara ba, amma ya kara ta a kunne ya fita.

A makon nan ne aikin Nasiru ya shigo. Nasiru ɗan marigayi Alhaji Mamman mai goro ne, yana zaune a Faransa, zai zo gida ɗaurin aurensa kafin Sallah. Ya aiko da shadda mai tsada ta riga goma sha biyu, tasa da na 'yan uwansa. Ya ce ba ya son aikin zamani, irin rigar mahaifinsa yake so, aska takwas, wato mai zane takwas masu tsini kamar aska. Ya turo hoto ta waya.

Na leƙa gilashin ta bayan Mamuda. Rigar ni na yi ta. Wata bakwai na yi a kanta da zaren tsamiya, silikin gargajiya, tun ina zauren Malam Inuwa. Alhaji Mamman ya ce in zurfafa aljihun ya ɗauki goro ashirin da carbi, na zurfafa. A aska ta biyar zare ya ƙare, wanda aka samo ya fi shi duhu kaɗan, ga shi nan a hoton. Sai dai rigar ta juya. Nasiru ya sa ta ne ya tsaya gaban madubi ya ɗauka, har wayar ana gani a hannunsa. Madubi kuwa hagu yake mayarwa dama.

Ku da kuka tashi a zamanin inji ba ku san wannan ba. Aikin yanzu a tsakiya yake, hagu da dama iri ɗaya, ka juya shi yadda ka so. Rigar dā ba haka take ba. Aljihu a ƙirjin hagu yake, asaken suna kansa, da'irar da ake kira tambari tana dama. Dalili ɗaya ne: hannun dama ne ke shiga aljihu. Da shi kake karɓa, da shi kake bayarwa. A shagonmu kuwa babu mai kallon riga gaba ɗaya. Mamuda gilashi yake kallo. Mai ɗaura yadi alamar alli yake bi. Tela inda aiki ya faɗi nan yake manna aljihu. Alhaji waya yake kallo.

Na ce, "Mamuda, hoton nan fa."

Bai juyo ba. Ya ce, "Baba, ça va, ba matsala, na gani. Hoton bai fita sosai ba, zan gyara launin."

"Ba launi ba."

"Baba, don Allah, riga douze ce, goma sha biyu cur, lokaci ya ƙure. In an fara fitarwa za ka sami zarenka."

Na koma bencina. Sau ɗaya nake faɗin magana.

Amma shaddar Nasiru ba ta yi mini laifi ba, kuma ubansa mutumin kirki ne. Da Alhaji ya shigo sai na ce masa, "Alhaji, wannan aikin tsofaffi ne, injin bai taɓa yi ba. Da an gwada a yadin shago kafin a taɓa na mutane."

Ya ce, "Gaskiya ne."

"A yanka daidai jikinka. Ka sa ta ran Juma'a. Duk unguwa za ta san shagon Alhaji Sabo yana aska takwas."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ka ga amfanin manya." Ya manta cewa ya sallame ni daga aiki.

Ran Alhamis riga ta fito. Gaskiya injin ya yi aiki. Ɗinki a jere kamar haƙoran masara, ko ɗaya bai kauce ba. Na yanke mata jela tsaf, na goge ta da kaina. Da la'asar na bi ta layin mahauta na sami Garba. Yanzu ya tsufa, 'ya'yansa ke yanka, shi sai zama da surutu. Na sayi farin goro manya guda biyu na ba shi.

Ya ce, "Tanko, yau kuma? Kai da ko ɓarin goro ba ka bayarwa?"

Na ce, "Ba naka ba ne. Gobe bayan an sauko, ka ba Alhaji Sabo a gaban mutane. Ɗaya bayan ɗaya."

"Me ka ƙulla?"

"Kai dai ka bayar."

Ran Juma'a Alhaji ya zo a makare, ya zura riga a kan jamfarsa, waya a hannu, ya wuce masallaci. Bayan an idar dattawa suka tsaya a inda suke tsayawa, gaban rumfar mai turare. Alhaji ya zo gaisuwa yana gyara kafaɗa. Tsofaffin suka zuba masa ido, kowa ya ga wani abu bai zauna ba, amma ba su kama ko mene ne ba. Shi kuwa ya ɗauka sha'awa ce.

Garba ya ce, "Alhaji, wannan riga haka? Rabona da ganin aska takwas tun ina da haƙora. Ungo goro, a sa albarka."

Alhaji ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. Ya kai hannun dama ƙirjin hagu, yadda ya ga ubansa yana yi, ya saki goro. Goro ya gangara ta kan shadda, ya faɗi, ya mirgina cikin kwata.

Garba ya ce, "Ayya. Ba komai, ga wani."

Alhaji ya karɓa, ya sake kai hannu, a hankali wannan karon. Ya shafa ƙirji sama da ƙasa. Ba ƙofa. Ya sunkuya ya duba, sai ga aljihu can a dama ya buɗe baki. Ya lanƙwasa hannun dama zai shiga, gwiwar hannu ta tashi sama kamar fiffiken kaza, bai shiga ba. Saura hagu. Kuma ba za ka karɓi kyautar dattijo ka cusa ta da hagu a gabansa ba. Ya tsaya da goro a hannu.

Garba ya ce, "Alhaji, rigar ce ta juya ko kai ne ka sa kanka a baibai?"

Wani tsoho ya ce, "Ƙila ta bahago ce aka ba shi aro."

Mai turare ya ce, "A'a, sabon yayi ne. Don kada a roƙe shi."

Ba wanda ya ƙyalƙyale. Dariyar dattawa a kafaɗa take, kuma ta fi ciwo. Alhaji ya waiga yana neman wanda zai kama, idonsa ya faɗa kaina. Ni ina can gefe ina neman takalmina, wanda ke ƙafata.

A shago ya tuɓe rigar ya jefa a tebur.

Ya ce, "Baba Tanko, ka gani?"

Na ce, "Tun Litinin."

"Tun Litinin. Kuma ka bar ni na shiga cikin mutane?"

"Na gaya wa Mamuda, ya ce in jira zarena."

Mamuda ya sunkuyar da kai. Ya buɗe hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Miroir," wato madubi. Ya danna wani abu sau ɗaya. Zanen ya juya, aljihu ya koma hagu, tambari ya koma dama. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya taɓa ni. Da hannu, gyaran wannan kuskuren wata bakwai ne da reza.

Alhaji ya sauke numfashi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi, an gyara. Mamuda, gobe a fara."

Ya juya zai fita. Na ga an gama da ni. Goro biyu na kashe, na sayi dariya, benci kuwa yana nan a bakin tafiya.

Na ce, "Saura biyu."

Ya tsaya. "Biyu me?"

"Kuskure. A zanen."

Mamuda ya matso da fuska jikin gilashi. Ya faɗaɗa, ya rage, ya jera da hoton. Ya ce wa Alhaji, "Patron, daidai yake da hoton, ɗinki bayan ɗinki."

Na ce, "Ɗazu ma daidai yake da hoton."

Alhaji ya dawo ya zauna a kujerar tela. Ya ce, "Baba, faɗa mana."

"Ni da za ni hutu bayan Sallah? Bari in fara tun yau. Sabon injin in ya zo ku tambaye shi."

"Baba, shaddar mutane ce. Riga goma sha biyu. 'Yan uwan Nasiru rabin unguwar nan ne."

"Na sani. Ni na yi wa ubansu riga."

Ya dube ni, ya dubi benci, ya dubi kwanar da ya auna wa injinsa. Ya ce, "Injin zai iya zama a ciki, in an fitar da kabad."

"Ashe."

"Bencinka yana nan."

"Har yaushe?"

"Har ka ce ka gaji."

Na sa Mamuda da tela su zama shaidu. Sannan na ɗauki rigar da ke tebur na kifa ta. Bayanta fari fat, ko ɗigon zare babu.

Na ce, "Nasiru gabansa ya ɗauka. Mutum ba ya ganin bayansa a madubi. Aikin yana haurawa ta kafaɗar hagu ya sauka baya, kuma akwai babban tambari a tsakiyar baya. Da kun tura angwaye goma sha biyu da rabin riga."

Mamuda ya dafe kai. Hoton baya babu, Nasiru kuma ya riga ya naɗe rigar a akwati ya ba wani ɗan uwa da ke hanya. Na ce a kawo mini takarda babba. Na fere kara, na jiƙa tawada, na zana bayan rigar daga ka, yadda Malam Inuwa ya zana ta. Hannuna ya tsufa yanzu, amma ya san hanya. Mamuda ya ɗauki hoton takardar, ya bi layin a gilashi. A ranar ya fara jawo mini kujera in zauna kusa da shi.

Alhaji ya ce, "Na biyun fa?"

Na ce, "Wannan ba a faɗar sa, yin sa ake yi. Duk rigar da ta fito a kawo mini."

Haka aka yi. Kowace riga ta biyo ta bencina. In juya wa mutane baya, in shimfiɗa ta a cinya, in zura allura, in ɗan daɗe, in ciji zare, in miƙa. Nasiru ya zo, aka ɗaura aure, tsofaffin unguwa suka ce kamar Alhaji Mamman ya dawo sau goma sha biyu. Sabon inji ya iso, yana yanke zarensa, yana ciki inda kabad take a dā. Har yau babu rigar da ke fita daga shagon nan sai ta hau cinyata.

Ku kuma tunda kun zauna kun ji har nan, zan gaya muku, kuma in kun faɗa zan ce ƙarya kuke. Babu na biyu. Ɗaya na gani. Na ce biyu ne saboda ɗaya yana ƙarewa. Allurar da nake zurawa, shiga take ta fita. Sai dai tunda aka sa ni kallo, ba a mako ban tsinci wani abu na gaske ba: wuyan da ba zai shiga kan mai shi ba, aikin yaro a rigar dattijo, zaren da zai zuba a wankin farko.

Mamuda bai haƙura ba. Yana ɗaukar hoton riga kafin ta zo wurina, ya sake ɗauka bayan ta bar ni, ya jera su a gilashi yana nema. Shekaranjiya ya kawo mini shayi da kansa, mai madara, ya tsuguna gefen benci.

Ya ce, "Baba, tsakanina da kai. Mene ne na biyun?"

Na kurɓi shayin. Na ce, "Ranar da injinka ya gano, ka zo ka ɗauki bencin."